Asalin Kalma: Bayahude

Daga Larabci Hausa ta aro "Yahudu", ta yi mata irin ɗinkin da take yi wa sunayen al'ummu: Bayahude, Bayahudiya, Yahudawa, addininsu kuma Yahudanci. Amma saiwar kalmar tana cikin Ibraniyanci, daga sunan Yahuza. Yahuza ɗan Annabi Yakubu ne, kuma sunansa aka sa wa ƙabilarsa da masarautar da Kudus ce babban birninta, wadda Babila ta rushe a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya sunan ya game duk mabiya Attaura, waɗanda yau suka kai kusan miliyan 15.

Abin takaici, wasu na jifan mayaudari da kalmar, alhali sunan mabiya addini ne. Kuma ba kowane ɗan Isra'ila ne Bayahude ba: kusan ɗaya cikin biyar Larabawa ne.