Mai kiran taro da makaɗinsa: daga fadar Damagaram zuwa dandalin kamfani

Duk wanda ya halarci bukin da wani kamfani ya shirya a Yamai ko Maraɗi ya san fasalinsa: rumfuna da kujerun roba, dandamali mai tsawo, manyan lasifikoki, tutocin kamfani ta kowace kusurwa, da mai gabatarwa riƙe da takardar da aka rubuta wa kowane mawaƙi mintocinsa. Tsarin ya zama jiki har ana ganin kamar gadonsa aka yi, alhali kuwa bai wuce shekara ashirin da ƴan kai da kafuwa ba. Kafin shi an yi wasu tsare-tsaren, kuma abin da ya raba kowane da ɗan uwansa abu biyu ne: wanda ke kiran taron, da wanda ke biyan makaɗi. In aka bi sawun waɗannan biyun, za a gane dalilin da ya sa wani buki ke zama a bakin mutane shekara hamsin, wani kuwa a manta da shi tun ba a kwashe kujeru ba.

A zamanin sarakuna, babban mai kiran taro shi ne fada. A Damagaram ta Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da Maraɗi ta Katsinawan da suka kafa ta bayan jihadi, kiɗa reshe ne na mulki, yana da muƙamai da ƙa'idoji. Tambari da kakaki na sarki ne shi kaɗai, ba a busa wa attajiri kakaki komai yawan dukiyarsa. Akwai sarkin makaɗa da ke tsara wanda zai fara da wanda zai biyo, akwai sanƙira mai ɗaga murya ya isar da kirari, akwai zabiyoyi a cikin gida. Ranakun ma sanannu ne: sara a daren Juma'a, hawan salla, naɗin sarauta, dawowa daga yaƙi. Ba a yin ciniki da makaɗin fada. Sarki ne ke ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi doki ko gona, shi kuma ya riƙe masa sunayen kakanninsa da yaƙoƙinsu. Ma'azu Ɗan Alalo, wanda mutanen Damagaram ba su manta da muryarsa ba, a wannan turba ya tashi.

A wajen fada kuwa kowace sana'a da makaɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. A nan ne ake samun abin da ya fi kama da bukin ma'aikata na yau, domin mutane ne masu aiki ɗaya suke taruwa da kiɗansu. Gayya ita ce misali mafi bayyana. Mai gona ya sanar da sarkin samari, ya tanadi fura da tuwo da goro. Sarkin samari ya tsai da rana, ya aika ƙauyukan kewaye, ya kira makaɗi. Ranar aikin, makaɗi na bin bayan manoma kunya-kunya yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, wanda ya yi gaba ya sha kirari, wanda ya yi baya ya sha zambo. Aikin da shagalin a haɗe suke, ba a jira a gama ɗaya a shiga ɗaya.

Abin lura a bukin talakawa, na aure ne ko na suna ko ajo, shi ne yadda kuɗi ke tafiya. Mai buki ba ya biyan makaɗi ladansa duka. Goron gayyata yake aika masa da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ba shi masauki da abinci. Ainihin samun makaɗi daga hannun mahalarta yake fitowa, ta hanyar kari, kuma kowace kyauta sai maroƙi ya shelanta ta a gaban jama'a, ya faɗi mai bayarwa da wanda aka yi dominsa. Saboda haka dole makaɗi ya san taron kafin ya zo: wace ce uwar ɗiya, wa ke gaba da wa, wane ne ya dawo daga fatauci da riba, wace ce kishiyar da ba za a ambata kusa da uwargida ba. Wanda ya iya wannan ya koma gida da kaya; wanda bai iya ba ya koma da gajiya. Mata kuma suna riƙe da lissafin buki a ka, abin da ƙawa ta kawo yau sai an mayar mata da ninkinsa ranar nata. Ashe kowane mahalarci ya zuba wani abu nasa a cikin taron, shi ya sa ba ya mantawa da shi.

Mulkin Faransa, wanda ya kama Damagaram a 1899, ya ƙara rana ɗaya a jerin bukukuwa, wato 14 ga Yuli, inda kumandan ke kiran sarakuna da dawakinsu da makaɗansu su yi masa hawa. Manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, da suka mamaye cinikin gyaɗa, ba su nemi makaɗi ba, don ba su da abin da zai yi musu. Waɗanda suka neme shi su ne ƴan ƙasar da ke saya wa kamfanonin gyaɗa a kasuwannin ƙauye. Daga cikinsu ne Alhazan Maraɗi suka fito, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Dukiyarsu ta bunƙasa da fataucin Nijeriya, musamman lokacin yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 da shekarun bayansa. Alhaji ba shi da tambari, ba shi da jerin kakanni masu sarauta, amma yana da motoci da yara da baƙi, kuma yana bukatar a sani. Makaɗi ne ya ba shi abin da haihuwa ba ta ba shi ba. Katsina na nan kusa, iyaka ba ta hana kalangu wucewa, kuma kuɗin takarda ya kawo liƙi, wanda ya mai da kyauta abin kallo. Ta haka dukiyar kasuwa ta zama uwar ɗakin kiɗa a fili, sai dai har a lokacin mutum ake wa waƙa, mai suna da unguwa da abokan hamayya.

Siyasa ta shigo a daidai wannan lokaci. A gwagwarmayar ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Sawaba ta Jibo Bakari da RDA ta Jori Hamani kowace na da makaɗa da zabiyoyinta, kuma a wannan shekarar aka buɗe Radiyo Nijar, wadda ta fara kai muryar mawaƙi inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Amma babban sauyi a fasahar shirya taro ya zo ne bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatin Seini Kunce ta ɗauko tsohuwar samariya ta ƙauye, mai sarkin samari da muƙarrabansa, ta mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. A 1976 aka buɗe bukin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi. Garin da zai karɓi baƙi yakan samu filin wasa, da gidan matasa da al'adu, da gyaran hanyoyi. Sai dai ƙarfin bukin ba a ginin yake ba. Watanni kafin ranar ake fara tankaɗe da rairaya, daga unguwa zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da kiɗan zamani. Malaman makaranta su ne ƙashin bayan aikin: su ke rubuta wasanni, su ke horar da ƴan mata rera waƙa da dare bayan an tashi daga aji, sau da yawa ba tare da ko dala ta shiga aljihunsu ba. Kafin tawagar jaha ta hau mota, dubban mutane sun riga sun sa hannu a abin da za ta nuna. Da Tele Sahel ta fara watsa bukin, kowane gari na kallon ƴaƴansa.

Ba a rasa abin zargi ba. Gwamnatin soja ce, kuma jigon waƙoƙin nata ne: haɗin kan ƙasa, dashen itace, yaƙi da jahilci, noman rani. Alƙalan gasa da agogo suka maye gurbin kari, mawaƙin da ya saba kwana yana zuba waƙa aka ce ya gama cikin mintoci ƙidayayyu. Zambo, wanda shi ne gishirin kiɗan Hausa, aka bar shi a ƙofar fili. Duk da haka, waɗanda suka yi samartaka a lokacin har yau suna iya faɗin jahar da ta ci gasa a garin kaza, da wanda ya koya musu rawar. A ƙarshen wannan zamani ne aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, a 1987, sannan aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989, inda ƙungiyar Mamar Kassey ta samo asali.

Daga nan abubuwa suka taru suka kwance tsarin. Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, samariya kuwa, da ake gani ƴar gidan tsohon mulki ce, ta watse. Baitulmali ya bushe, albashi ya riƙa makara, a Janairun 1994 kuma darajar sefa ta karye da rabi. A Maraɗi da wasu garuruwa wa'azin Izala ya riga ya janye attajirai da dama daga kashe kuɗi a kan makaɗa, walima ta shiga inda ajo yake. Makaɗi ya waiwaya, fada ba ta da abin da take da shi a da, gwamnati ta janye, Alhaji ya tuba.

Wannan giɓin ne masu ɗaukar nauyi suka cike. Da farko ƙungiyoyin agaji ne, masu biyan matasa ƴan rap irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney su yi waƙa kan sida ko karatun ƴan mata. A Nuwamban 1998 Alphadi ya shirya bukin nunin tufafi na FIMA a gindin duwatsun Tigidit, kusa da Agadas, da dandamali da fitilu da baƙi daga Turai a tsakiyar hamada, abin da ya nuna cewa shirya taro sana'a ce mai zaman kanta, mai kasafi da kwangila. Zagaye na biyu da aka yi a Yamai a 2000 ya gamu da zanga-zangar ƙungiyoyin addini har a Maraɗi, darasin da masu wannan sana'a suka riƙe: taron da bai nemi yardar gari ba yana iya cin kansa. Sai kamfanonin wayar salula suka iso, Celtel a 2001, Orange a 2008, kuma gasar neman masu saye ta sa su, da bankuna, suka zama manyan masu kiran taro. Wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamban 2005 sun ƙara horar da masu haɗa sauti da fitila.

Gaskiya ne makaɗi ya samu wani abu a nan da bai taɓa samu ba. Ana yin ciniki da shi tun kafin rana, a ba shi rabin kuɗi a hannu, a rubuta sunansa a allon talla. Ba ya jiran alherin kowa, ba a kiransa maroƙi, ga kuma ofishin kare haƙƙin mawallafa da aka kafa a tsakiyar shekarun 1990. Wanda ya san wulakancin da makaɗa suka sha a ƙofar masu kuɗi ba zai raina wannan ba. Abin da ya salwanta shi ne dalilin sanin taron. Tunda kuɗin daga ofis ɗaya suke fitowa, mawaƙi ba ya bukatar ya san wanda ke zaune a kujera ta uku. Kamfani kuwa ba shi da uba ko kaka, ba shi da garin da ya fito, ba a yi masa kirari sai a maimaita sunan hajarsa, kuma sunan ma ba ya daɗewa: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Orange ta koma Zamani bayan an sayar da ita a 2019. Ga fiyano da faifan da aka riga aka naɗa, waɗanda suka sa mutum ɗaya ke iya maye gurbin makaɗa takwas, yana motsa baki a kan sautin da ba zai iya tsayawa ya gai da baƙon da ya shigo yanzu ba.

Gwamnati ta sake gwada tsohuwar dabarar zagaye da bukin 18 ga Disamba, wanda aka fara a Damagaram a 2006 zamanin Tanja Mamadu, aka farfaɗo da shi da Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An samu tituna da gine-gine, an yi wasan kara da hawan dawaki, amma nauyin shirin ya fi karkata ga ƴan kwangila fiye da unguwanni.

Inda tsofaffin tsare-tsaren suka fi tsira shi ne filin kokowa, fagen da Sagalo ya yi suna. A gasar takobi gwamnati ce ke kiran taro, tutocin kamfanoni sun zagaye fili, kyaututtukan masu ɗaukar nauyi ana shelanta su da lasifika. Amma da ɗan kokowa ya fito yana kirari, makaɗinsa na bayansa yana kiran garinsu da waɗanda ya kayar, sai ka ga mutum ya taso daga cikin ƴan kallo, ya ratsa jami'an tsaro, ya ciro jika ɗaya daga aljihu ya liƙa wa mai ganga a goshi.