Gulbin Sakkwato

Gulbin Sakkwato, wanda mutanen ƙasar Kabi ke kira Gulbin Kabi, ya samo tushe ne daga kusa da Funtuwa a Jihar Katsina. Yana miƙawa arewa maso yamma ta Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima daf da birnin Sakkwato, sannan ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa kogin Kwara. A hanya Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suna zuba masa ruwa. Gulbin Maraɗi ma, bayan ya ratsa ƙasar Nijar, cikin Rima yake ƙarewa.

Arzikin gulbin yana cikin ambaliyarsa. Da damina ruwa kan malale fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. In ya janye sai ya bar laka mai albarka ga masu shinkafa da albasa, da tafkuna cike da tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu da giwan ruwa. A bakin waɗannan fadamu Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame.

Madatsun ruwa sun sauya wannan tsari. An kammala ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, daga baya aka yi ta Goronyo a kan Rima. Noman rani ya samu, amma ambaliya ta ragu a ƙasan madatsun, shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. A 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman Bakolori masu neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka da dama, abin da ba a cika ambatarsa ba in ana yabon aikin.

Duniya ta fi sanin gulbin da bikin kamun kifi na Argungu. Su, wato kamun kifi na taro, tsohuwar al'adar Kabawa ce, amma bikin ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Sai Sarkin Ruwa ya ba da izini kafin dubban masunta su afka kogin Matan Fada da homa da gora. Akwai kuma kabanci: tseren kwalekwale, nutso da kamun agwagwa. UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016.