Daga kuɗin fito zuwa duwan: abin da bujin babur ke ɗauke da shi a ƙasar Adar

A Allakaye da sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa da Buza da Keita, babur, ko moto kamar yadda muka fi kiransa, ya gaji aikin jaki da na doki gaba ɗaya. Shi ke kai malami lakwal, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita, shi ke hawan duwatsun da mota ke jin tsoro. To amma babur ba ya rayuwa sai da kayan gyara, buji da sarƙa da taya da birki, waɗanda akasarinsu sai sun ƙetaro teku. Duk bakaniken da aka ce wa kayansa sun yi tsada, amsarsa guda ce: duwan. Wannan amsa tana da tarihi mai tsawo, kuma ya dace masu koyarwa su san shi.

Biyan kuɗi kafin kaya su wuce ya girmi zuwan Turawa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da ayarin Abzinawa masu kawo gishiri, duk sun san kuɗin fito. Asalin kalmar daga ƙetare kogi take, sannan ta game duk abin da ake ba mai ƙasa domin ayari ya ratsa. Madugu ne ke ciniki a madadin jama'arsa. Abin lura shi ne akwai alkawari a cikin wannan biya: sarkin da ya karɓi fito ya ɗauki nauyin zango da rijiya da tsaron hanya. In ya tsawwala, ko ya kasa kare baƙinsa, baɗi madugu ya sake hanya, kasuwarsa ta mutu.

Turawa suka zo da wani abu dabam, wato layi a bisa takarda. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya sa Ƙwanni da Madawa a ɓangaren Ingilishi. Faransawa suka tarar ba su da hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai su zagaya ta Tawa cikin ƙishirwa. Saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu zuwa inda take a yau, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Daga ranar nan, Ba'adaren da ke cin kasuwa wajen danginsa na kudu ya zama mai shigo da kaya daga ƙasar waje, alhali bai sake harshe ba, bai sake surukai ba.

Bayan layi sai kuɗi suka rabu. An ƙirƙiro sefa a 1945, Nijeriya kuwa ta bar fam ta koma naira a 1973. Tun daga nan, rinjayen ɗaya a kan ɗaya shi ke nuna inda kaya za su kwarara. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, kayan Nijeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, kasuwar Illela ta zama rumbun Adar. Garin Nnewi na ƙasar Ibo ya riga ya shahara da cinikin kayan gyaran babur da mota, kuma ta hannun fatakensa kaya masu yawa suka iso arewa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: abin da ake saye daga Faransa ya ninka kuɗi dare ɗaya. Masu Mobylette da Peugeot da Yamaha na wancan zamani, akasarinsu ma'aikata da ƴan ci-rani da suka dawo daga Abijan, sun ji a jikinsu.

Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 2000, lokacin da baburan Sin irin su Jincheng da Kasea, sannan Bajaj na Indiya, suka cika kasuwa da farashin da talaka zai iya kaiwa. Sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa, babur ya shiga ƙauyen da bai taɓa ganin kwalta ba. A daidai wannan lokaci, cikin Janairun 2000, ƙasashen UEMOA suka soma aiki da jadawalin duwan guda mai hawa huɗu: 0 da 5 da 10 da 20 cikin 100, gwargwadon ko kaya na masarufi ne, ko na sarrafawa, ko gamammu. A 2015 jadawalin CEDEAO ya maye gurbinsa, ya ƙara hawa na biyar, 35 cikin 100.

Ga yadda lissafin yake ga wanda ya yi odar kaya daga Guangzhou ta Sin ko Dubai. Ma'aikacin duwan ba ya tsayawa kan kuɗin saye kaɗai. Yana haɗa shi da kuɗin dako da na inshora, a kan jimillar yake yanka haraji. Mu ɗauki misali kwalin da ya tashi jika 100 bayan an haɗa waɗannan uku. In ya faɗa hawan 10 cikin 100, za a biya jika 10, da jika 1 na ƙididdiga. Sannan harajin TVA, 19 cikin 100, ya hau kan jika 111 ɗin, ya ba da kimanin jika 21. Ke nan an haura jika 32 tun ba a sa ƙananan kuɗaɗen ƙungiyoyin yanki da ladan dillalin duwan ba. In kuwa hawan 20 ne, lissafin ya kusa jika 44. Mai karatu zai lura cewa tun da dako na cikin abin da ake yanka wa haraji, nisa ma biyansa ake yi sau biyu.

Nisa kuwa shi ne gadonmu. Nijar ba ta da gaɓar teku, kayanta sun daɗe suna sauka Kwatano su biyo Paraku su ƙetare gadar Gaya. Shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin wannan dogaro. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyoyin kudu har zuwa Fabrairun 2024, manyan motoci suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, kuma cikin Maris na wannan shekara ƙawancen AES ya amince da nasa harajin shigo da kaya na rabin kashi ɗaya cikin 100. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai a fadar gwamnati aka yanke shi, amma a rumfar bakaniken ƙauye ake biyan kuɗinsa.

Idan fito ya yi nauyi, kaya su bi daji, kamar yadda madugan da suka yi. Ƴan sumoga, da baburan nan dai, suna ratsa iyaka da dare ɗauke da mai da kayan gyara. Baitulmali ya yi hasara, mai saye ma bai tsira ba, domin kayan da ba su da takarda ba su da mai lamuni. Sarƙar jabu ba ta tsinkewa a bakin kanti, sai a tsakiyar gangare. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan dutsen Adar, araha tana iya cin rai.

Ƙasa ba ta tsayuwa ba tare da haraji ba, kuma duwan na cikin manyan ƙofofin shigar kuɗin gwamnatin Nijar. Abin da tarihi ke tuna muna shi ne rabin alkawarin da aka manta. Kakanninmu sun biya fito sun samu rijiya da tsaro. Mutumin Allakaye yana biyan duwan a cikin kuɗin kowace taya, kuma rashin hanya mai kyau ke sa ya sake taya kafin ɗan birni, ya sake biya. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai wannan lissafi a darasin tarihi da na ƙidaya, ƙungiyoyinmu kuma su riƙa kai shi gaban majalisun gundumomi, domin wanda ya san abin da ya biya shi ke da bakin tambayar ina hanyarsa.