Motar Mafarki da Motar Kara

A shekarar 1938 Harley Earl, shugaban masu zanen motoci na kamfanin General Motors a Amurka, ya fito da Buick Y-Job, motar da aka ƙera don nuni, ba a kai ta kasuwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zama yayi. Firebird ta 1953 ta ɗauki siffar jirgin yaƙi, da fukafukai da wutsiya, kujerar mutum ɗaya tak. Motocin mafarki ake ce musu, kuma sunan ya dace, domin ba a yi su don ɗaukar buhu ko fasinja ba.

A lokacin ne kuma kamfanonin Dinky Toys da Norev da Solido suka cika Faransa da ƙananan motoci bisa awo na 1/43. Yaran da aka saya wa su sun girma, suka koma tara su a kabad ɗin gilashi, har wadda ta rage cikin kwalinta na asali takan yi tsada a wurin gwanjo.

Maraɗi ma ta yi nata masu kwaikwayon mota, sai dai abin da idonsu ya gani daban ne. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa garin ya hau tudu, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suna kwasar buhuna daga kasuwannin karkara, suna bin hanyar Katsina zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. Lokacin awon gyaɗa kuwa shi ne kaka, sa'ad da kara ya wadata a gonakin Tsibiri da Jiratawa. Sai yaro ya feƙe ɓawon kara, ya soka shi cikin totuwa, ya tayar da bodi da kan direba. Daga baya waya da gwangwanin madara da langa-langa suka shigo, aka yanka tsohon silifa aka yi taya, aka ɗora dogon sitiyari da ake tuƙawa a tsaye.

Wannan maƙerin ba shi da ma'auni ko takardar zane, amma ya san inda ake rataye safaya, ya san yadda kaya ke rinjayar bodi. Earl ya zana motar da yake fatan gani, yaron Maraɗi ya ƙera wadda ta wuce ta ƙofar gidansu da safe, saboda haka aikinsa ya fi kusa da shaidar tarihi.

Y-Job tana nan har yau a ma'ajiyar kayan tarihi ta General Motors a jihar Mishigan. Motar kara kuwa ba ta kai damina: wadda gara ba ta ci ba, an hura wutar tuwo da ita.