Yadda Aka Fara Auna Mantuwa: Aikin Hermann Ebbinghaus

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, batun tunawa da mantuwa a hannun masana falsafa yake, domin ana ganin abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa ba ya aunuwa. Wanda ya rushe wannan ra'ayi shi ne Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, haifaffen garin Barmen a shekarar 1850.

Matsalar da ya fara cin karo da ita ita ce ta kalmomi. Kowace kalma tana ɗauke da ma'ana, wanda kuma ya san ta tun da farko zai fi saurin haddace ta, don haka awon ba zai inganta ba. Sai ya ƙirƙiri gaɓoɓi marasa ma'ana kimanin 2,300, kowace da baƙi da wasali da baƙi. Shi ne mai binciken, a kansa kuma ya yi gwajin. Yakan maimaita jerin gaɓoɓi har sai ya kawo shi ba kuskure, ya bar shi na wani lokaci, sannan ya sake haddace shi. Rangwamen lokacin da ya samu a karo na biyu shi ne ma'aunin abin da ya saura a ƙwaƙwalwarsa.

A 1885 ya wallafa sakamakon. Bayan minti 20 rangwamen ya kai kusan kashi 58 cikin ɗari, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya kashi 34, bayan kwana 31 kuwa kashi 21. Wato mantuwa da gudu take farawa, daga baya ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka rarraba a kwana uku ya yi aikin maimaici 68 na zama ɗaya.

Aikin bai tsira daga suka ba. A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa mutum yakan sake gina labari ne gwargwadon al'adarsa a duk lokacin da ya tuno shi, abin da gaɓa marar ma'ana ba za ta bayyana ba. Duk da haka, binciken da ya biyo baya ya tabbatar da amfanin rarraba bita. Ɗalibin da ke haddar kalmomi ko karin magana, bitar da ya yi washegari ta fi masa riba a kan kwana karatu a daren jarrabawa. Masu haddar Alƙur'ani sun daɗe a kan wannan tafarki, domin ba sa barin tilawa ta yi nisa da hadda.