Wa Ke Binciken Ɗan Sanda? Tarihin Ƙarar da Ke Komawa Gidan Wanda Aka Yi Ƙara

Idan aka kama manomi daga Tamawa, a yankin Kurfi da Dutsin-Ma, aka tsare shi kwana uku a caji ofis, aka ce sai ya biya kuɗin beli alhali doka ta ce beli kyauta ne, ƙofofin da zai iya ƙwanƙwasawa suna da yawa a rubuce. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Sai dai sau da yawa takardar ƙarar takan yi yawo, ta dawo hannun rundunar da aka yi ƙara, a ce ita za ta bincika. Wannan dawowar tana da dogon tarihi a ƙasar Hausa.

Tun a ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shaihu Muhammadu al-Maghili ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, nasihar da ya rubuta wa sarki ta ƙunshi cewa ya riƙa zama inda raunana za su iya isa gare shi, ya kuma riƙa bin diddigin ma'aikatansa. Malaman fiƙihu suna kiran wannan aiki mazalim, wato sauraren ƙarar zaluncin masu riƙe da muƙami. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana cewa mai wannan aiki yana bukatar abu biyu a haɗe: kwarjinin mai mulki da adalcin alƙali. Dalilin a fili yake. Alƙali na iya gano gaskiya, amma ba lallai ya iya tilasta wa dogari ba. Mai mulki na iya tilastawa, amma dogarin nasa ne. Duk tarihin da ya biyo baya ƙoƙari ne na haɗa waɗannan biyun a hannu ɗaya, kuma ba kasafai ake dacewa ba.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, ba su rushe dogarai ba. Sun bar wa sarakuna su, daga baya aka ware wani sashe aka ba shi kaki da horo, aka kira shi 'yan doka, ƙarƙashin En'e. Don aikin ya samu daraja, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarki a kansa. A Katsina, Usman Nagogo ya shugabanci 'yan doka tun daga 1929, kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko a 1944. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1963.

Ga talakan ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma, hanyar ƙara a wancan zamani sananniya ce: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, wato Maradi a Kurfi ko Yandaka a Dutsin-Ma, sannan fadar Katsina. Hanyar tana da kusa, kuma ana magana da harshen da mai ƙara yake ji. Aibinta shi ne ɗan doka da kotun alƙali da gidan yari duk na En'e ne. Wanda ke wajen tsarin shi ne Di'o, Baturen da ke fita rangadi, kuma shi ma aikinsa ya dogara ne ga ɗorewar En'e. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wannan aibi ya fito sarari: 'yan adawa sun sha kamu da ɗauri a kan laifuffuka irin su taro ba izini ko zagin sarakuna, kuma babu wurin kai ƙara sai gidan da ya ba da umarnin kamun.

Ƙorafin da ya taru a waɗannan shekaru na cikin abin da ya sa gwamnatin soja, bayan juyin mulkin 1966, ta yanke shawarar narkar da 'yan doka cikin Rundunar 'Yan Sandan Najeriya, wadda aka kafa tun 1930. Zuwa farkon shekarun 1970 an gama. An raba ɗan sanda da fada, amma an nisanta shi daga duk wanda talaka ya sani. Wanda a da zai iya faɗuwa gaban hakimi, yanzu sai ya nemi mai rubuta masa takarda da Turanci zuwa Kaduna ko Legas.

Daga nan aka fara gina hukumomin farar hula. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da doka ta 31. Mai bincikenta na iya neman takardu da kiran jami'i, amma abin da yake fitarwa shawara ce, ba hukunci ba. A 1995 aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon naɗawa da ladabtarwa da korar kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Wannan ita ce mai haƙori. Amma bayan shugabanta na farko, Simon Okeke, wanda farar hula ne, waɗanda suka biyo shi, Parry Osayande da Mike Okiro da Musiliu Smith da Solomon Arase da Hashimu Argungu, duk tsofaffin manyan 'yan sanda ne. Gogewarsu ba abin musu ba ce. Abin tambaya shi ne ko mai ƙara zai ga bambanci tsakanin hukumar da rundunar.

Wahalar aikin mai bincike ta fi bayyana idan aka duba kayan aikinsa. Yana bukatar littafin da ake rubuta abin da ya faru a caji ofis, da rajistar waɗanda aka tsare, da lissafin harsasan da aka fitar, da sunayen waɗanda ke bakin aiki a daren. Duk waɗannan suna hannun wanda ake bincika, tamkar an ba kura ajiyar nama. Abin da ya rage masa shi ne takardar likita, idan an je asibiti kafin rauni ya warke, da shaidun da za su ci gaba da zama a garin bayan shi ya koma birni.

Shari'ar matasa shida na Apo ta nuna abin da bincike mai zaman kansa ke iya yi, da kuma iyakarsa. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe su a Abuja, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ta jagoranta ya saurari shaidu a bainar jama'a, ya rushe wannan iƙirari. Duk da haka, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami sauran uku. Shekara 12 ke nan, a babban birnin ƙasa, a gaban 'yan jarida. Haka kuma bayan rushe rundunar SARS a Oktoban 2020, kwamitocin da jihohi suka kafa sun saurari koke-koke masu yawa, amma ikonsu ya tsaya ga miƙa rahoto ga gwamna, wanda ba shi da ikon korar ɗan sandan tarayya.

Yanzu tarihin yana neman zagayowa. Matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, kuma muhawarar 'yan sandan jihohi ta sake ƙarfi. Bukatar tsaro a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ba ta da musu. Amma zamanin 'yan doka ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan mai kamu da mai sauraren ƙara suka fito daga gida ɗaya. Dokar da za ta kafa kowace sabuwar runduna ya kamata ta faɗi, tun daga farko, wa zai karɓi ƙarar mutumin Tamawa da Hausa, wa ke da ikon buɗe rajistar caji ofis ba tare da neman izini ba, kuma hukuncin wa zai tabbata idan bincike ya kammala.