RABON RUWA A LEGAS: DAGA FAMFON IJU ZUWA KURAR ƊAN GA-RUWA

A wannan karon ina so mu waiwayi tarihin ruwan sha a Ikko, wato Legas, domin duk wanda ya yi rani ɗaya a garin nan ya san yadda al'amarin yake. Da zarar hunturu ya kama, daga watan Disamba har zuwa Maris, sai rijiyoyi su ja baya, famfo ya ɗauke, kuɗin jarka ya tashi, sannan a soma zagin ɗan ga-ruwa kamar shi ne ya riƙe ruwan. Abin da mai karatu zai gani a nan shi ne, rabon ruwa a Legas tsohon abu ne, ya haura shekara ɗari, kuma tun ran gini aka yi zane: ana rabon ne bisa unguwar da mutum yake da nauyin aljihunsa.

Kafin zuwan famfo

Abin mamaki ne a ce garin da ruwa ya kewaye yana kukan ƙishirwa, ga shi kuma ruwan saman da yake samu a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. To amma ruwan teku da na tafkin da ya zagaye tsibirin na gishiri ne. Rijiyoyin da mutanen tsibirin suke sha kafin zuwan famfo ba su da zurfi, wasu da ɗanɗanon gishiri, wasu kuma dab da masai da kwatami. Turawa da masu hali sukan tara ruwan sama a tanki da damina, su yi ta tattalinsa har rani ya wuce. Akwai ma gidan iyalin Da Rocha a titin Kakawa, cikin mutanen da suka dawo daga Birazil, wanda har yau ake kira Gidan Ruwa saboda ruwan da ake sayarwa a cikinsa. Ke nan sayar da ruwa a Legas ya girmi famfon gwamnati, ya kuma girmi sana'ar 'yan uwanmu.

Rigimar kuɗin ruwa

A shekarar 1908 Gwamna Walter Egerton ya fito da shirin jawo ruwan famfo zuwa cikin gari, tare da sharaɗin cewa mutanen gari za su riƙa biyan harajin ruwa. Nan fa gari ya ɗauki zafi. Hujjar jama'a ita ce, Turawa ne za su fi morar wannan ruwa, don haka su ya kamata su biya. Dubban mutane suka yi tattaki zuwa gidan Gwamna, aka rufe kasuwanni. Wasu likitoci biyu, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiyar People's Union a wannan shekara, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a ƙasar nan. Sarkin Ikko na lokacin, Eleko Eshugbayi, shi ma ya tsaya tare da talakawansa.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. An gina matatar ruwa a Iju, arewa da Agege kaɗan, kuma Gwamna Lugga ya buɗe ta a 1915. Tana tace kimanin galan miliyan biyu da rabi a kullum, ana tura shi ta wani babban bututun ƙarfe mai faɗin inci 28 har cikin tsibiri. Unguwar Turawa ta Ikoyi ce ta fara sha, su kuma mutanen gari aka kafa musu famfunan titi, kowa ya zo da garwarsa ya bi layi.

Bari mu ɗan yi lissafi. Ƙidayar 1911 ta nuna mutanen Legas sun kai kusan 74,000. In aka raba ruwan Iju daidai wa daida, kowane mutum zai tashi da fiye da galan 30 a rana, wato kusan lita 150, ko jarka shida irin ta 'yan ga-ruwa. Ashe a wancan lokaci ruwan ya isa. Matsalar tana wajen wa aka ja wa bututu har cikin gida, wa kuma aka bari a layi.

Da aka zo karɓar harajin a 1916 rigima ta sake tashi, shugabannin People's Union suka sassauta, jama'a suka juya musu baya, tauraron Herbert Macaulay kuma ya ci gaba da haskawa. Abin da ya fi shafarmu mu Musulmi shi ne, wannan magana ta shiga har cikin Babban Masallacin Legas. Babban Limami Braimah ya goyi bayan gwamnati, mafi yawan mamu suka ƙi, sai masallaci ya rabu gida biyu, ɓangaren Liman da ɓangaren Jama'a, aka yi shekaru ana shari'a da gaba. Duba fa, kuɗin ruwa ne ya raba sahun salla. Wanda ya ɗauki maganar ruwa ƙaramar magana, to bai karanta tarihin garin nan ba.

Gari na gudu, famfo na rarrafe

Ƙananan rafukan Iju da Adiyan da aka fara dogaro da su ba su daɗe ba suka gaza, musamman da rani, dole aka koma jan ruwa daga kogin Ogun ta wajen Akute. An yi ta faɗaɗa Iju har ta kai galan miliyan 45 a rana a farkon shekarun 1980. An gina ƙaramar matata a Isashi a zamanin bikin FESTAC na 1977. Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya kafa ƙananan gidajen ruwa masu jan ruwan ƙarƙashin ƙasa a unguwanni. A farkon shekarun 1990 aka buɗe matatar Adiyan mai galan miliyan 70. Kashi na biyu na Adiyan kuwa, wanda aka fara a zamanin Gwamna Fashola, ya shafe fiye da shekara goma ana aikinsa.

Shi kansa kogin Ogun yana da rani da damina. Don haka ne aka gina madatsar Oyan kusa da Abekuta, wadda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 270. Aikinta shi ne ta tare ruwan damina, ta riƙa sakinsa da kaɗan-kaɗan da rani domin injinan Abekuta da Legas su samu abin ja. Wannan shi ne babban tanadin rani da garin yake da shi. Amma 'yan uwanmu na Mile 12 da Isheri sun san ɗaya fuskar madatsar, domin in ta cika a ƙarshen damina aka buɗe ƙofofinta, gidajensu ne ke shan ambaliya. Mutum guda a watan Oktoba yana kwashe ruwa daga ɗakinsa, a watan Fabrairu yana sayen jarka.

Ga kuma matsalar wuta. Ruwan famfo ba ya tafiya sai da inji, inji kuwa sai da lantarki, kowa kuma ya san halin da aka sha a zamanin NEPA. Sai a 2010 aka samar wa matatun tashar wuta tasu ta kansu a Akute. Ƙari a kan haka, tsofaffin bututu sun ruɓe, ruwan da aka kashe kuɗi aka tace yana malala a kwata kafin ya isa gidan kowa.

A ɗaya gefen kuma jama'a sai ƙaruwa suke. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum 665,000. Ta 2006 ta ba jihar fiye da miliyan 9, gwamnatin jiha ta ce ba ta yarda ba, mutanenta sun haura miliyan 17. A wajajen 2016 Hukumar Ruwa ta Jihar Legas da kanta tana cewa ƙarfin matatunta galan miliyan 210 ne a rana, alhali buƙata ta kai miliyan 540. A ƙarshen wannan shekara wani ƙwararren Majalisar Ɗinkin Duniya, Léo Heller, ya bayyana cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na mazauna garin ne kawai ke samun ruwan hukuma.

Rabon da ba a shelanta ba

Domin mu fahimci bambanci, mu leƙa birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Da fari ya matsa musu, madatsunsu suka kusa ƙafewa, sai hukumar birnin ta fito fili a watan Fabrairun 2018 ta ce kowane mutum lita 50 ne rabonsa a rana, mai kuɗi da talaka, aka hana ban ruwan fulawa da wankin mota da ruwan famfo, aka tsananta kuɗi ga mai ɓarna. Da haka suka tsallake ranar da aka ce za a rufe famfuna.

Yanzu mu dawo gida. In aka raba galan miliyan 210 ga mutum miliyan 20, kowa zai samu ƙasa da lita 50, wato bai cika jarka biyu ba, shi ma sai in duk injina suna aiki kuma babu bututun da ke yoyo. Abin da Kef Tawun ta kira halin ko-ta-kwana, shi ne mafi kyawun ranar Legas a takarda. Bambancin shi ne a can an faɗa wa kowa rabonsa, a nan kuwa ba wanda ya yi shela. Mai hali ya haƙa burtsatse ya sa janareta ya cika tankinsa, har ya wanke motoci uku. Marar hali ya jira kura, kuma in aka auna lita da lita, shi ne yake biyan kuɗin da ya ninka na mai famfo a gida. Ita ma burtsatsen ba tsira ba ce a ko'ina. A yankin Lekki gishiri da tsatsa suna ɓata ta, a unguwar Baruwa ta Ipaja kuwa man fetur da ya yoyo daga bututu tun shekarun 1990 ya gurɓata rijiyoyin mutane.

Inda muka shigo

A cikin wannan giɓi ne ɗan ga-ruwa ya samu abin yi. Kalmar cin rani ma kanta ta faɗi labarin: manomi ya gama girbi a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ko Tawa, ya gangaro Kurmi daidai lokacin da rijiyoyin Legas ke ja baya. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara turo mutane da yawa, wasu ba su sake komawa ba. Da can garwa biyu ake ratayawa a sanda a saɓa a kafaɗa. Daga baya aka koma kura mai ɗaukar jarka goma ko sha biyu, kowace lita 25, wato nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300, mutum ɗaya yana turawa cikin rami da cunkoson motoci. Sana'ar ta shahara da mu har Yarbawa da Inyamurai ba su da wani suna gare ta sai namu, "mai ruwa".

Amma a lura, ɗan ga-ruwa ba shi da rijiya. Wajen mai burtsatse yake saye, mai burtsatse kuma yana lissafin man janareta. In rani ya yi tsanani, layi ya yi tsawo, sawun da yake yi a yini ya ragu, dole kuɗin jarka ya hau. Matar gida ba ta ganin mai burtsatse, ba ta ganin madatsar Oyan, ba ta ganin bututun da ya fashe. Wanda take gani a ƙofarta shi ne Bahaushe da kurarsa, shi ne kuwa zai sha fushin. Haka in cutar amai da gudawa ta ɓarke, kamar yadda ta yi a Legas a watan Yunin 2024, masu sayar da ruwa na cikin waɗanda ake fara nuna wa yatsa. A farkon 2017 ma majalisar jiha ta zartar da wata dokar muhalli da ta tanadi hukunci kan ɗiba da sayar da ruwa ba da izini ba, sai da ƙungiyoyin farar hula da shi Heller ɗin suka yi ca a kanta.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, mu mutanen ƙasar rani ne. Iyayenmu sun san randa da tulu, sun san yashe rijiya kafin bazara, sun san ruwan wankin shinkafa na dabbobi ne. Addininmu ma ya koya mana cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya. Amma je ka wurin alwala a wasu masallatanmu na nan ran Juma'a ka ga yadda ake sakin famfo yana zuba ana gaisawa. Komawa ga buta kaɗai zai rage ɓarna mai yawa.

Na biyu, ya kamata sarakunan Hausawa na unguwanni da kwamitocin masallatai su ɗauki maganar 'yan ga-ruwa a matsayin tasu. A san adadinsu, a san inda suke ɗibar ruwa, a hana ɗiba daga fasasshen bututun da ya ratsa kwata, a sa ido kan wanke jarkoki, a kuma kai ruwan burtsatsen masallaci a auna shi a ɗakin gwaji ko da sau ɗaya a shekara. Ranar da annoba ta tashi, wannan tsari ne zai zama mana hujja a gaban hukuma da maƙwabta.

Na uku, mu daina ɗaukar kanmu baƙi a maganar ruwa. Matatar Iju tana bayan gidanmu tun 1915, kakannin wasunmu suna fataucin goro a Agege tun kafin a haifi yawancin masu mulkin yau. Muna biyan haraji, muna da ƙuri'a. In ƙungiyar masu unguwa ta kira taro kan famfo, mu je mu zauna tare da Yarbawa da sauran maƙwabta, mu tambayi kansila da ɗan majalisa yaushe bututu zai iso layinmu. Mutanen 1908 ba su da ƙuri'a, amma sun sa Gwamna ya saurare su.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga ƙarshen ranin bana lafiya.